Rufe bakin ƙwayoyin gado da bazuwar sankarar hanta

Sankarar hanta na daga cikin cututtukan daji da suka fi kisa a duniya. Alƙaluman Cibiyar Binciken Cutar Daji ta Duniya da ke birnin Lyon na ƙasar Faransa sun nuna cewa a shekarar 2022 mutane kimanin dubu 866 ne suka kamu da ita, yayin da kusan dubu 759 suka rasa rayukansu. Kusancin waɗannan alƙaluma biyu ya isa ya nuna cewa ba kasafai wanda ya kamu yake tsira ba.

Babban dalili kuwa shi ne cutar ba ta zama wuri guda. Ko da likitoci sun yi tiyata sun cire ƙarin, wato tsiron da ya fito a hantar, yakan sake dawowa cikin shekaru biyar a jikin marasa lafiyar da yawansu kan kai kashi 70 cikin ɗari. Sau da yawa kafin a ɗauki wuƙa wasu ƙwayoyin cutar sun riga sun ɓalle sun kama wani wuri.

Wannan ne ya sa masana kimiyya suka mai da hankali a kan tambaya guda: me ke ba ƙwayar hanta, wadda aka halitta don ta zauna inda take, damar tashi ta yi tafiya? Wani babban ɓangare na amsar yana cikin abin da ake kira rufe bakin ƙwayoyin gado.

Mene ne rufe bakin ƙwayar gado?

Jikin ɗan Adam ya ginu ne da ƙananan ƙwayoyin jiki waɗanda ido ba ya iya gani. A tsakiyar kowace akwai zaren DNA, wanda in da za a miƙe shi tsawonsa zai kai kimanin mita biyu. A kan wannan zare ne aka jera ƙwayoyin gado, kuma kimanin dubu 20 daga cikinsu suna ɗauke da umarnin yadda za a haɗa furotin iri-iri da jiki ke aiki da su.

Ana iya kwatanta lamarin da kundin da ke ajiye a fada. Kundin ba ya fita. In ana bukatar wani aiki sai a kwafi shafin da ya dace a ba ɗan aike ya kai wa masu sana'a. Wannan ɗan aike shi ne RNA mai ɗauke da saƙo, abin da masu sana'ar suka ƙera kuma shi ne furotin.

Kundi ɗaya ne a ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa da ta fata. Abin da ya bambanta su shi ne shafukan da ake karantawa da waɗanda aka rufe. Saboda haka rufe bakin ƙwayar gado ba cuta ba ne a karan kansa, aiki ne da jiki ke yi kullum. Ƙwayar gadon tana nan lafiyarta ƙalau, ba a goge ta ba, ba a kuma canja rubutunta ba, an dai hana ta magana.

Jiki na yin haka ta hanyoyi da dama. Yakan manna wani ɗan ƙaramin sinadari mai suna metil a mashigar ƙwayar gadon, kamar yadda ake sa kwaɗo a ƙofa. Yakan kuma ƙara ƙarfin naɗin zaren DNA a kan furotin da ake kira histon, yadda zare ke naɗuwa a jikin mazari, har ya zama ba a iya kaiwa ga wurin. Hanya ta uku ita ce a bar shafin a buɗe amma a tare ɗan aiken a hanya. Masu wannan aiki wasu gajerun RNA ne da ake kira maikro-RNA, waɗanda ke manne wa saƙon su hana a karanta shi ko su sa a lalata shi.

Furanni da tsutsa

An fara cin karo da hanya ta uku ne ba da niyya ba. A shekarar 1990 Richard Jorgensen da Carolyn Napoli a jihar Kaliforniya ta Amurka sun ƙara wa furen fetuniya ƙwayar gadon launi domin shuninsa ya ƙara turuwa. Maimakon haka sai furanni da yawa suka fito farare ko masu dabbare-dabbare. Ƙwayar gadon da aka ƙara ta yi shiru, ta kuma ja ta asalin ta yi shiru tare da ita.

A 1998 ne Andrew Fire da Craig Mello suka warware wannan ƙulli, inda suka yi aiki da wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Sun nuna cewa RNA mai zare biyu na iya rufe bakin duk ƙwayar gadon da rubutunsa ya dace da nata. An sa wa wannan dabara suna katsalandan na RNA, kuma ta ba su lambar yabo ta Nobel a 2006. A shekarar 2001 ayarin Thomas Tuschl a Jamus ya nuna cewa gajeren RNA mai harufa 21 na yin wannan aiki a ƙwayoyin jikin ɗan Adam. Su kuma Victor Ambros da Gary Ruvkun, waɗanda aikinsu na 1993 ya kai ga gano maikro-RNA, sun samu tasu lambar ta Nobel a 2024.

Tun daga lokacin ne masu bincike suka samu damar zaɓar ƙwayar gado guda su rufe bakinta su ga abin da zai biyo baya.

Yadda cutar ke tafiya

Mafi yawan jinin da ke shiga hanta yana zuwa ne ta wata babbar jijiya da ke kwaso shi daga hanji. Sankarar hanta ta shahara wajen kutsawa cikin rassan wannan jijiya, inda jini ke kwasar ƙwayoyinta ya watsa su zuwa sauran sassan hantar. In ta fita waje kuwa, huhu ne wurin da ta fi sauka, sai kaluluwa da ƙasusuwa.

Tafiyar ba mai sauƙi ba ce. Dole ƙwayar ta rabu da maƙwabtanta, ta huda shingen da ke kewaye da ita, ta shiga jijiya, ta tsira daga sojojin garkuwar jiki, sannan ta samu masauki ta hayayyafa. Akasarin waɗanda suka ɓalle a hanya suke mutuwa. Kaɗan da suka isa su ne ke kisa.

Bakunan da cutar ke rufewa

Ƙwayoyin hanta masu lafiya suna manne da juna kamar tubalin da aka ɗaure da laka. Ɗaya daga cikin furotin da ke wannan aikin ɗauri shi ne E-kadherin. A sankarar hanta da yawa ana samun ƙwayar gadon da ke samar da shi a kulle, ko dai da kwaɗon metil, ko kuma ta hanyar wasu furotin irin su Snail da Twist da ke zama a mashigarta su hana a karanta ta. Da zarar lakar ta zube sai ƙwayar ta sauya kama. Ta daina zama mai kusurwa kamar tubali, ta miƙe ta yi tsini, ta fara rarrafe. Irin wannan sauyi ne ƙwayoyin jiki ke yi lokacin da ɗan tayi ke ginuwa a mahaifa da lokacin da rauni ke warkewa. Cutar ba ta ƙirƙiro wani sabon abu ba, ta tayar da tsohuwar dabara ne a lokacin da bai dace ba.

A nan ne ciwon hanta nau'in B ya shigo cikin labarin. Bairos ɗin da ke haddasa shi na samar da wani furotin mai suna HBx. A shekarar 2005 masu bincike a Koriya ta Kudu sun nuna cewa HBx na zuga sinadarin da ke manna metil, wanda hakan ke kai ga rufe bakin E-kadherin. Wato bairos ɗin, bayan kumburin da yake jawo wa hanta na shekara da shekaru, yana kuma da hannu a kwance ɗaurin da ke riƙe ƙwayoyinta.

E-kadherin ba shi kaɗai ba ne. Akwai p16, wadda ke taka wa ƙwayar jiki birki in ta tashi rabuwa gida biyu, da RASSF1A, da SOCS1 mai kwantar da saƙonnin kumburi. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Nature Genetics a 2001 ya samu SOCS1 a kulle da metil a kashi 65 cikin ɗari na samfuran sankarar hanta 26 da aka duba.

Labarin miR-122 ya fi sauran jan hankali. Shi ne maikro-RNA mafi yawa a hanta, domin ya fi rabin duk waɗanda ke cikinta, kuma kusan ba a samunsa a wani wuri a jiki. Aikinsa shi ne rufe bakin wasu ƙwayoyin gado da bai kamata su yi magana a hanta ba. Bincike biyu da aka wallafa a 2009, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Taiwan, sun nuna cewa ƙarin da ya rasa miR-122 ya fi saurin bazuwa. A 2012 kuma aka samar da ɓerayen da ba su da shi kwata-kwata. Hantarsu ta tara kitse, ta yi tabo, daga bisani ta kamu da sankara.

To amma shi wannan miR-122 ɗin ne bairos ɗin ciwon hanta nau'in C ke jingina da shi don ya hayayyafa, kamar yadda masu bincike na jami'ar Stanford suka gano a 2005. Har an gwada wani magani mai suna mirabirsen da ke toshe shi, kuma sakamakon da aka wallafa a 2013 ya nuna ya rage yawan bairos ɗin a jinin marasa lafiya. Abin da ke kare hanta daga sankara shi ne kuma ke ciyar da bairos ɗin da ke jawo ta. Duk mai son ya taɓa irin waɗannan makullai sai ya yi la'akari da haka.

Masu bincike sun ari dabarar

In cuta na rufe bakin ƙwayoyin gadon da ke hana ta tafiya, me zai hana a rufe bakin waɗanda ke tura ta? Wannan tunani ne ya haifar da dubban gwaje-gwaje, mafi yawansu a ƙasar Sin, inda kusan kashi 40 cikin ɗari na masu sankarar hanta a duniya suke.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na furotin ostiyopontin. A 2003 masana daga jami'ar Fudan ta birnin Shanghai da Cibiyar Cutar Daji ta Amurka sun kwatanta ƙarin da ya bazu da wanda bai bazu ba. Sun gano cewa tsarin ƙwayoyin gadon da ke magana a uwar ƙarin ya yi kama ƙwarai da na 'ya'yan da ta watsa, abin da ke nufin cewa shirin tafiyar tun daga gida ake yinsa. Ostiyopontin na kan gaba a jerin waɗanda muryarsu ta yi yawa. A 2008 masu bincike na Fudan suka rufe bakinsa a ƙwayoyin sankarar hanta masu saurin bazuwa, suka dasa su a jikin ɓeraye, sai aka ga girman ƙarin da bazuwarsa zuwa huhu sun ragu.

Yadda ake irin wannan gwaji ba shi da wuyar fahimta. Ana renon ƙwayoyin cutar a faranti har su rufe fuskarsa, sai a ja layi a tsakiya da ɗan tsinke, a dawo bayan kwana ɗaya ko biyu a auna yadda suka cike gurbin. A wani gwajin kuma akan ɗora su a kan wata 'yar rariya mai ƙananan ramuka da aka shafe da abu mai kama da shingen jiki, a ƙirga nawa suka huda suka sauka ƙasa. In waɗanda aka rufe wa baki sun gaza tsallakawa, sai a ce ƙwayar gadon na da hannu a bazuwa.

Sai dai akwai bukatar a karanta irin waɗannan rahotanni da taka-tsantsan. Kusan kowane mako akan samu labarin wata ƙwayar gado da rufe bakinta ya hana sankarar hanta motsi a faranti, alhali faranti ba shi da jini, ba shi da garkuwar jiki, ba shi kuma da hanta mai tabo. Gajeren RNA kan rufe bakin wasu ƙwayoyin gadon da ba su aka nufa ba. Wani lokaci ma ƙwayoyin sun daina tafiya ne don suna mutuwa, ba don an gano sirrin tafiyarsu ba.

Har ila yau akwai matsalar su kansu ƙwayoyin da ake gwajin da su. Nau'in HepG2, wanda aka fi amfani da shi a duniya, an ciro shi ne a 1975 daga hantar wani yaro ɗan shekara 15, kuma daga baya aka tabbatar cewa na wata sankarar hanta ce ta yara, ba irin wadda ke kama manya ba. Wasu nau'o'in da aka yi ta aiki da su, irin su SMMC-7721 da BEL-7402, an gano cewa sun gauraya da HeLa, ƙwayoyin da asalinsu na sankarar bakin mahaifa ne. Binciken da aka gina a kansu ba ya faɗin komai tabbatacce game da hanta.

Daga ɓera zuwa ɗan Adam

A bisa ƙa'ida hanta ce ta fi kowace gaɓa dacewa da wannan magani. Gajeren RNA ba ya daɗewa a cikin jini kafin ya lalace, don haka sai an yi masa mazubi. Ana naɗe shi cikin ƙananan ɗigon maiƙo, irin waɗanda daga baya aka yi amfani da su a wasu alluran rigakafin korona, ko kuma a ɗaura masa wani sukari mai suna GalNAc wanda ƙwayoyin hanta ke cafkewa. Ta kowace hanya, hanta ce ke kwashe mafi yawansa, tun da dama aikinta ne tace jini.

An kuwa ci nasara a wasu cututtukan. A watan Agustan 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da patisiran, magani na farko na katsalandan na RNA, don wata cutar gado da ke lalata jijiyoyi. Wasu sun biyo baya, ciki har da inklisiran, allurar rage kitsen jini da ake yi sau biyu a shekara. Dukkansu a hanta suke aiki, amma a hanta mai ƙwayoyi lafiyayyu.

Ƙwayar sankara daban take. Yayin da cutar ke yin nisa, takan rage maƙallan da ke cafke sukarin. Ƙananan tagogin da ke jikin jijiyoyin hanta, waɗanda magani ke bi ya shiga, sukan toshe a hanta mai tabo da cikin ƙari. Kuma ƙwayar da ke rabuwa kullum tana raba maganin tsakanin 'ya'yanta har ƙarfinsa ya ƙare. Sakamakon haka lafiyayyen ɓangaren hantar ne ke shanye maganin, ƙarin ya samu ragowa.

Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane sun nuna girman matsalar. Maganin ALN-VSP, wanda aka shirya don rufe bakin ƙwayoyin gado biyu lokaci guda, an ba marasa lafiya 41 masu cutar daji da ta yi nisa. Sakamakon da aka wallafa a 2013 ya tabbatar cewa maganin ya isa cikin ƙari, kuma wata mata da sankarar mahaifa ta bazu zuwa hantarta ta samu ƙarin ya ɓace. Amma bai kai ga zama maganin asibiti ba. Wani mai suna TKM-080301 da aka gwada a kan masu sankarar hanta bai nuna tasirin a-zo-a-gani ba.

Mafi muni shi ne na MRX34, wanda aka yi don mayar da wani maikro-RNA da cutar daji ke kashewa. An fara gwada shi a 2013, aka dakatar a 2016 bayan garkuwar jikin wasu marasa lafiya ta yi mummunan bore. Mutum huɗu suka rasu. Tun a 2006 masu bincike na Stanford suka yi gargaɗi a kan wani haɗarin na daban: daga cikin nau'o'in RNA 49 da suka cusa wa hantar ɓeraye, 36 sun ji wa hantar rauni, 23 kuma sun kai ga mutuwa, saboda sun cika injin da maikro-RNA na jiki ke amfani da shi har suka hana shi aikinsa.

Zuwa ƙarshen shekarar 2024 babu wani maganin katsalandan na RNA da aka amince da shi don sankarar hanta ko wata cutar daji. Marasa lafiyar da cutarsu ta bazu ana ba su magunguna ne irin su sorafenib, da aka amince da shi a 2007, ko haɗin atezolizumab da bebasizumab da ya shigo a 2020.

Akwai kuma masu ƙoƙarin ɓalle kwaɗon metil domin ƙwayoyin gadon da aka kulle su sake magana. Magungunan azasitidin da desitabin na yin haka, kuma an amince da su a 2004 da 2006 don wasu cututtukan ɓargo. Matsalarsu ita ce ba sa zaɓe. Suna buɗe ƙofofi barkatai, alhali wasu ƙofofin, ciki har da na ƙwayoyin gadon da ke taimaka wa bazuwa, rufe su ne alheri.

Inda abin ya shafi Afirka ta Yamma

Abubuwa biyu da suka fi haddasa sankarar hanta a wannan yanki su ne ciwon hanta nau'in B da gubar afilatoksin, wadda funfuna ke samarwa a gyada da masarar da aka adana ba su bushe sosai ba. Binciken ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 na ɗauke da bairos ɗin nau'in B. Ita gubar kuwa sauya rubutun ƙwayar gado take yi. Tun 1991 aka gano tabon da take bari a wuri guda a jikin p53, ɗaya daga cikin manyan masu gadin ƙwayar jiki. In mutum ya haɗa bairos ɗin da gubar, haɗarinsa kan ninka na mai ɗauke da ɗaya kawai sau da yawa.

Wani bincike da aka wallafa a 2017 a kan marasa lafiya a asibitocin ƙasashen Afirka da dama, ciki har da Najeriya da Ghana da Kamaru da Sudan, ya nuna cewa a wajen Masar cutar na bayyana ne a wajejen shekara 46, kuma rabin marasa lafiyar ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano ta. Akasarinsu sun isa asibiti ne bayan ta riga ta bazu.

Saboda haka amfanin farko da wannan ilimi zai iya yi wa yankin wataƙila ta fuskar gano cutar da wuri ne. Ƙwayoyin sankara na zubar da guntayen DNA a cikin jini ɗauke da kwaɗon metil ɗinsu, kuma ana gwada hanyoyin gano waɗannan alamomi, kamar na SEPT9 da RASSF1A, a jinin masu ciwon hanta kafin ƙari ya girma. A halin yanzu abin da likitoci ke ba masu hanta mai tabo da wasu masu ɗauke da nau'in B shawara shi ne hoton ciki duk bayan wata shida, sau da yawa tare da gwajin jini na AFP.

Shi kuwa bairos ɗin da ke samar da HBx yana da rigakafi. Gambiya ta fara yi wa jarirai allurar a 1986 ƙarƙashin wani dogon bincike, Najeriya kuma ta shigar da ita cikin rigakafin yara a 2004. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi allurar farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa, domin kimanin tara daga cikin jarirai goma da suka kamu a wannan lokaci za su ci gaba da ɗaukar bairos ɗin har girmansu.